Akuyar Talatu da Ɓawon Gyaɗa

A shekarun farin nan, lokacin da gyaɗa ta daina yi a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu. Bayan magariba sai Iya, kakarmu ta wajen uba, ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta ta tara mu, ko ma manta da cikinmu.

Iya ba ta yin tatsuniya ita kaɗai. Kowa sai ta sa shi a ciki. Tana da ɓawon gyaɗa guda uku a ƙullin zanenta. Idan ka shiga haɗari a labarin, kai za ka watsa su a faifai. In masu buɗewa suka fi yawa, ka tsira. In suka kife, sai yadda Iya ta yi da kai.

Ran nan ta ce, "To, ga wata tatsuniya ta iso. Talatu, yau ke ce akuya. Sani, kai ne kura."

Talatu ƙanwata ce, ba ta wuce shekara shida ba, kuma tana da jar akuya da ke bin ta har bakin rijiya. A labarin, akuya ta baro garin yunwa ta faɗa daji, kura ta tare ta. Talatu ta watsa, duk suka buɗe. Iya ta kawo kogi cike da ruwa, suka sake buɗewa. Ta kawo maharbi, ta kawo rami, ta sake turo kura, wato ni. Ko ɗaya bai kife ba.

Iya ta ɗauki ɓawon ta jujjuya a hasken wuta. "Ke, tofi kike musu ne?"

"A'a, Iya."

"Akuyar nan fa ba ta dawowa. Haka labarin yake."

"To ai ta ci."

Iya ta mayar da ɓawon cikin ƙullin zanenta. Ban taɓa ganin labari ya kuɓuce mata ba sai ranar. Can ta ce, "Shi ke nan, ta dawo gida. Ta… haihu. Ku tashi." Muka tashi muna kallon juna, ba mu san abin da aka koya mana ba.

Washegari ranar kasuwa ce. Baba ya sa wa jar akuyar igiya. Talatu ba ta yi kuka ba, riƙe igiyar ta yi. "Baba, ai ta tsira. Tambayi Iya." Iya ba ta leƙo ba. Da yamma Baba ya dawo da dawa a buhu.

Sai da na girma na ji cewa Baba ne ya roƙi Iya ta lallashi yarinyar da labari, ta haƙura da akuyar tun kafin gari ya waye. Na daɗe ina ganin sa'ar Talatu cutar ta ta yi. Bara na faɗa mata haka, tana zaune cikin jikokinta. Sai ta ce, "Yaya, wutar nan ba ta da haske. Da Iya ta so, da ta kife su da ɗan yatsa, ba wanda zai gani."