Kason Kawu

Ni ne na fara kawo maganar a raba ƙasa a rumfar Baba, kuma har yau ban ce duk abin da na faɗa ƙarya ba ne.

Baba mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, ni kuma malamin firamare a Bakura. Duk ranar kasuwa nakan hau babur in zo wai taya shi aiki, alhali surutu ke kawo ni. Shekarun nan kuwa surutuna ɗaya ne. Gonarmu ta Janbako ta koma daji saboda 'yan bindiga. Ajina ya zama rabi, iyaye sun kwashe 'ya'yansu sun gudu. Ka kunna rediyo ka ji wani ƙato daga can sama yana cewa an shawo kan lamarin. Wane lamari? A gidan uban wa? Mu ne masu loda shanu da albasa da shinkafar Bakolori zuwa kudu, sannan a kira mu cima-zaune. A haƙe zinariyar ƙasarmu, a bar mu da ramuka da makoki. Sai na ce to a raba mana, kowa ya kama gabansa. Idan mai mulkinka na kusa ne, ko ba komai ka san ƙofar gidansa, za ka je ka ci kwalarsa.

Akwai Kawu, ƙanen Inna. Inna Bafulatana ce daga Damaga, kuma Kawu ne ke kawo wa Baba shanu tun ban san kaina ba. Shi ma an kore masa fiye da rabin garkensa, bai taɓa ɗaga murya a kai ba. Wannan haƙurin nasa har haushi yake ba ni.

A ƙarshen azumi mutanen layinmu kan yi watanda: a haɗu a sayi sa guda, Baba ya yanka, ya kasa naman daidai da yawan gidaje. Kowane kaso sai ya sami tsoka da hanta da tumbi da ƙashi, har kitse sai Baba ya auna da ido. Kawu ne ke kawo san, don haka kullum akwai kasonsa a gefen tabarma.

Ranar da nake magana a kai, Baba na tsugune yana kasawa, ni kuma ina tsaye a kansa ina zuba kamar an kunna famfo. Mutane na ta gyaɗa kai, kaina ya ƙara girma. Sai maƙwabcin rumfarmu, mai sayar da albasa, wanda aka kashe wa ƙane a hanyar Maradun, ya karɓe zancen.

"Awo, Malam, gaskiya taka. A raba! Amma in za a raba, a raba duka. Waɗanga ma su koma inda sunka hito."

Ya tura baki wajen Kawu.

Kawu na zaune a kan dutse, sandarsa a kafaɗa, yana kallon ƙasa. Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, ni da na can sama nake. Amma kalmar tawa ce, ni na kawo ta kasuwa, kuma na ga wasu kawunan da suka gyaɗa mini suna gyaɗa masa.

Baba bai ɗago ba. Ya goge wuƙa a jikin fatar, ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, ka taɓa ganin an raba sa shina tsaye? Sai an yanka."

Kawu ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Ga kasonka," in ji Baba.

"A aje mani wurin Adda. Ni zaka Talata mai zuwa, in Allah ya yarda." Adda yake kiran Inna.

Bai zo ba. Ba a kuma ganinsa a kasuwa ba. Wasu sun ce an tare mutane a hanya ranar, ana duba fuska ana ware wasu. Wasu sun ce ya kora sauran shanunsa ya yi nisa. Na je Damaga na tarar da rugarsu ba kowa. Na shiga ofis uku, kowanne aka rubuta sunansa a takarda aka ce in je za a neme ni. Gwamnatin da na ce ba ta san da mu ba, ta tabbatar mini ba ta san da shi ba. Wallahi har yanzu idan na tuna sai in ji ina fushi da su, da mai albasa, da bakina.

Inna ta yanyanka kason nan sirara, ta sa gishiri ta shanya a igiya. Ya bushe, ta ƙulle a ƙwarya, ta hana kowa taɓawa. Baba kuma duk watanda sai ya fitar da kaso guda a gefen tabarma, ba wanda ke tambayarsa na wa ne.

Ban san wanda ya kai wa Inna labarin abin da aka yi a rumfa ba. Wata Talata na dawo, ta tambaye ni kamar kullum ko Kawu ya zo, na ce a'a. Ta kalle ni, ta ce, "Kai da kac ce a raba, in an raba, ni wane kaso za ku sa ni?"