Ƙofar Motar Yaya

Ƙarar farko ban damu da ita ba. Ta biyun ce ta tsaya mini a rai, wata ƙara mai nauyi da ta fito daga ƙofofin motar gaba ɗaya, kamar an zura sakata. Ina kwance a kujerar baya, na ja hijabi na rufe har fuskata, ina jin takun Yaya yana yin nisa.

Yaya wan mijina ne, motar kuma tasa ce. Irin motocin nan ne da ba a zura musu makulli. Rimot yana aljihu, a taɓa wani ɗan baƙin maɓalli a hannun ƙofa, ta kulle ko ta buɗe. Tun da aka kai ta wanki ruwa ya shiga maɓallin ya fara gardama, sai Yaya ya saba danna shi a jere har sai ya ji ta amsa. Daga baya aka gaya mini cewa idan ta amsa sau biyu, ko daga ciki ba ta buɗuwa. An yi ta ne haka saboda ɓarayi. A lokacin ban san wannan ba, shi ma bai sani ba.

Ranar Juma'a ce, cikin zafin bazara. Mun taso daga Daura da safe zuwa wani ƙauye gaba da Mai'adua, ta'aziyyar gwaggon mijina. Ina da cikin fari, bai kai ga fitowa ba. Ni da mijina kaɗai muka sani, domin ba abin da ake faɗa wa surukai ba ne, bari ake yi ido ya gani da kansa. A cikin gida mata sun cika rumfa, ana ta kaɗa miya, warin daddawa ya tayar mini da zuciya. Na ji tsoron kada in yi amai a gaban Inna, uwar mijina, da ƙawayenta. Sai na sulale na fito. Motar tana ƙarƙashin wata darbejiya a bayan gida, a buɗe, na shiga na kwanta in ɗan huta.

Da maza suka tashi tafiya masallaci a garin da ke gaba, na hango Yaya ta gilashi yana nufo motar. Gilashin mai duhu ne, ni ina ganinsa, shi ba ya ganina. Me zan ce masa? Matar ƙaninsa, kwance a motarsa, ana zaman makoki a ciki? Na lafe na rufe fuska, ina cewa a raina in ya wuce sai in fita in koma. Ya danna, ya sake dannawa, ya tafi.

Na bari har ƙarar baburansu ta ɓace sannan na ja hannun ƙofa. Ya taho da sauƙi, ya koma, ƙofar ba ta motsa ba. Na gwada ta ɗaya gefen. Na tsallaka gaba na gwada ta direba, na danna duk wani maɓalli da hannuna ya kai gare shi, har na gilashi da na kulle, babu wanda ya amsa. Na danna hon da tafin hannu biyu, shiru. Na ɗauko wayata. Sunan da ke saman allon ba na layinmu ba ne, sabis ɗin Nijar ta kama. Na kira mijina, na kira ƙanwarsa da ke cikin gida, kiran ko fita ba ya yi.

Da farko ba mutuwa nake tunani ba, abin da za a ce nake tunani. Har dabara nake ƙullawa, in ce na zo ɗaukar carbin Inna ne aka kulle da ni. Sai na lura inuwar darbejiyar ta janye daga gaban motar. Rana ta sauka a kan gilashin gaba, robar da ke wurin ta fara wari. Na koma baya na takure a ɗan sauran inuwar. Ita ma ba ta daɗe ba.

Ban san yadda zan kwatanta wannan zafin ba. Iskar da nake shaƙa ta fi jikina zafi. Na cire hijabi, na cire ɗankwali, zufa ta jiƙa rigata har kujerar ta yi santsi. Ƙarfen bel ɗin kujera ya taɓa damtsena ya bar mini tabo, yana nan har yau. Na yi ta dukan gilashi da hannu, da takalmi, da waya. Na yi ihu. Bayan gidan gona ce fayau, an share ta ana jiran ruwa, babu kowa sai awaki kwance a gindin danga. Ina jin kukan mata sama-sama daga cikin gida idan sababbin masu gaisuwa sun shigo, na san ko sun ji ihuna za su ɗauka cikin kukan ne.

Can sai zufar ta tsaya. Na tuna a makarantar sakandare malamar kiwon lafiya ta ce mana wannan ba alama ce mai kyau ba. Harshena ya yi kauri, kaina yana sarawa, marata ta fara murɗawa kaɗan-kaɗan. Nan ne na ɗora hannu a cikina na fara kalmar shahada.

Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta gan ni. Ba ma ni ta zo dubawa ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta matso jikin gilashin tana gyara ɗaurin kanta kamar a madubi. Na ɗaga hannu na manna tafina daidai fuskarta. Ta yi baya da salati har ta kusa taka ƙwaryar. Sai ta dawo, ta kare idonta da hannu biyu ta leƙo, ta kwasa da gudu zuwa cikin gida.

Mata suka fito suka kewaye motar. Ƙanwar mijina ce a gaba, da yake akwai wasa tsakaninmu, tana dariya tana cewa amaryarsu ta samu ɗaki mai sanyi ta bar su da wanke-wanke. Da ta manna fuska a gilashi ta gan ni ba ɗankwali, dariyar ta tsaya. Suka yi ta jan ƙofofi. Wata ta ce a fasa, wata ta ce wa zai fasa motar Yaya ba ya nan, ai an kusa saukowa daga masallaci. Suka ɗebo ruwa suna kwarawa a kan rufin, suka shimfiɗa tabarmi a gilashin gaba. Ina kallon ruwan yana gangarowa ta waje, ina lasar leɓe.

Inna ta matso. Ta tsaya daidai tagata tana kallona, ta daɗe. Ban san lokacin da idonta ya sauka a kan hannuna da ke kan cikina ba. Na yi sauri na janye shi.

Da maza suka dawo na ɗauka shi ke nan. Yaya ya taho da sauri, ya sa yatsa a maɓallin. Bai amsa ba. Ya danna, ya danna, ya sa farce. Robar maɓallin ta yi laushi da rana ta shige ciki ta maƙale. Ya fito da rimot ɗin yana dannawa, ashe batirinsa ya daɗe da yin sanyi, sai an manna shi a jikin ƙofa yake aiki. Ya manna shi, ya goga shi a riga, ya ɗaga shi sama. Wani ya ce a zuba wa hannun ƙofar ruwan randa ya huce, aka zuba. Wani ya cire batirin agogonsa, bai shiga ba.

Sai Yaya ya sunkuyo ya tambaye ni ta gilashi, da ƙarfi don in ji, ko lafiya nake, ko zan iya ɗan jira. Baba, uban mijina, yana tsaye a bayansa da sauran dattawa. Na jawo hijabina na rufe kai. Na gyaɗa masa kai alamar lafiya lau.

Aka kira mai gyaran wayoyin mota a Daura, sai da wani ya hau kan tudu kafin kiran ya shiga. Ya ce akwai ɗan makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot, akwai kuma ramin makulli a ƙarƙashin murfin hannun ƙofa. Aka ɓamɓare murfin da wuƙa, ga rami. Aka zaro ƙarfen, kowa ya yi hamdala. Ashe rimot ɗin ba na asali ba ne, a Kano aka yi shi, ba a taɓa yanka ƙarfen ba, sumul yake kamar cokali. Mai gyaran ya ce to a buɗe bonet, murfin injin, a cire kan batir. Abin buɗe bonet yana ciki, wajen ƙafar direba. Suka yi ta nuna mini da hannu. Na yunƙura, na faɗa tsakanin kujeru, na kasa tashi.

Daga nan ina ganin fuskar mijina a taga. Yana kallona, yana kallon yayansa, yana kallon mahaifinsa. Ya san abin da ke cikina. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, Yaya ko dai a duba wata hanyar. Yaya ya ce saura kaɗan, ga wani can ya tafi ɗauko wayar ƙarfe za a zura ta saman ƙofa.

Muryar Inna ce ta ratsa gilashin ta same ni.

"Juna biyu gare ta," in ji ta. "Kuna tsaye kuna wasa da ƙarfe, yarinya da ciki tana dahuwa. Malam, ka ji abin da na ce."

Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a fasa. Inna ta riga ta riƙo taɓarya, ta miƙa wa mijina. Dukan farko taɓaryar ta dawo masa. Sai da ya nufi kusurwar gilashin gaba na gefen direba sannan ya tarwatse. Ko a lokacin ƙofar ba ta buɗe ba. Ta taga aka jawo ni, aka shimfiɗa zani a kan fasassun gilasan, duk da haka sun yanke ni a gwiwa. Na tuna iskar waje, iskar bazara da tsakar rana, na ji ta kamar sanyin randa. Daga nan ban san komai ba.

An ce a bayan wata a-kori-kura aka kawo ni Daura, kaina a cinyar Inna, tana jiƙa mayafinta tana goga mini. Na farka a gadon asibiti ana mini ƙarin ruwa, an jera mini tsummoki masu sanyi a wuya da hammata. Marata tana ciwo, na kuma ga ɗan jini a zanina. Ban tambayi kowa ba. Inna tana zaune a bakin gado tana jan carbi, mijina yana waje, ina ganin inuwarsa tana kai da komo. Wata mai shara ta zo za ta turo ƙofar ɗakin, na yi ƙara ban san na yi ba. Inna ta ce mata ta bar ta a buɗe.

Bayan la'asar aka tura ni ɗakin hoto, aka dawo da ni, ba wanda ya ce mini komai. Ana kiran magariba malamar asibiti ta shigo, wata dattijuwa mai tabarau. Ta taɓa goshina, ta duba ledar ruwan, ta ja kujera ta zauna.

"Zafin jikin ya sauka, 'yata, kin tsallake," ta ce. "Cikin ma yana nan, mun ga zuciya tana bugawa. Amma kwanciya za ki yi, ba tsintsiya, ba guga, sai na ce ki tashi."

Na ce mata ta sake faɗa. Ta sake faɗa, a hankali, tana riƙe da hannuna.