Giginya Mai Sara Uku

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Sallar Layya, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, kakana ya hau kekensa a tsakar gida ya nufi ƙofa, sai ya zarce cikin turken awaki. Ina zaune a gindin rumbu ina gaigayar ƙashin rago na ji ƙarar. Akuya ta yi nan, kaji suka yi can, shi kuwa ga shi kwance cikin farar rigarsa da aka sha wahalar bugu, tayar gaba tana ta juyawa ita kaɗai a sama. Bai ji ciwo ba, amma abin da muka daɗe muna ɓoye wa juna ya fito fili: idanun Baba Tsoho sun tafi. Haske da duhu kawai yake bambancewa, sauran sai lalube. Babana ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa riga, ya ce cikin ladabi daga yau keke ya huta, ai Allah ya ɗauke wa mai uzuri zuwa Juma'a. Tsohon ya juya wajen da yake jin motsina ya ce, "Ga ido nan zaune shina cin ƙashi a banza. Ango, taso."

Ango shi ne sunan da yake kirana da shi, kuma a wurin matarsa, kakata Dije, na same shi. Tun ina cikin zane take cewa ta saki tsoho ta auri yaro, ta ɓoye mini muruci da soyayyen kifi a ƙarƙashin faifai, shi kuma ya yi ta ƙorafin an ƙwace masa mata da rana tsaka. Ta rasu ina aji biyu. Ba a ƙauyenmu aka binne ta ba, domin ajali ya same ta a gidan ƙanenta, aka kai ta maƙabartarsu da ke bakin fadama, kan tsohuwar hanyar Gaya. Tun daga lokacin Baba Tsoho bai taɓa fashin Juma'a a Gaya ba, kuma kowa a gidan ya san ba huɗubar liman kaɗai ke kai shi ba. Babana ya yarda in riƙa tuƙa shi, amma da sharaɗi: ranar da tsohon ya dawo da ƙwarzane ko da ƙorafi, za a rataye keken a zaure, magana ta ƙare.

Keken baƙi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. An naɗe sirdinsa da fatar akuya, ƙararrawarsa ta shaƙe kamar zakara mai mura. Aka sauke mini sirdin, aka ɗaura tsohon buhu a mazaunin baya. Baba Tsoho bai fi damin gero nauyi ba, sai dai damin gero ba ya surutu. Da an tashi daga lakwal sai in jefar da jakata, in watsa ruwa, in same shi ya riga ya shirya a ƙofa yana ƙamshin turare. Ƙauyenmu yana tsakanin Tanda da Gaya, hanyar kuwa tana gangarawa ta bi gefen gonakin shinkafa inda nake yini ranar Lahadi ina korar tsuntsaye da gwangwani. Daga nan ana hango gulbi yana sheƙi, da jiragen masunta, da mata masu wanki sun shanya zannuwa a kan ciyawa. Ba ya ganin ko ɗaya, amma shi ke gaya mini inda muke. Ya ji warin kifin da ake banda, ya ce mun kusa masallacin sarkawa, masuntan gulbi. Ya ji sanyi ya bugi fuskarsa, ya ce in yi hankali da saiwar tsamiya.

Abin da ya fi ba ni haushi a tafiyar shi ne sauka. Dokarsa ce ba a wuce masallaci ko maƙabarta a kan sirdi. "Ba a gaida manya daga sama," in ji shi. Masallacin sarkawa ɗan ƙarami ne na laka, bai fi ɗakin kwana biyu ba, da taruna a shanye jikin katangarsa, amma sai mun sauka mun tura keke har mun wuce shi. Filin idin wani ƙauye da ba kowa a cikinsa sai tumaki, nan ma sai an sauka. Sannan sai rairayi, doguwar tafiya da taya ke nutsewa, in riƙe keke da hannu biyu shi kuma ya dafa kafaɗata, zufa tana shiga mini ido. A ƙarshen rairayin maƙabartar take, ƙarƙashin giginyu. Ranar da aka binne Dije ya sari wata giginya sau uku da gatari daidai saitin kabarinta don kada ya ɓace masa. In mun iso sai ya ce, "Ango, sauka mu gaida matarmu. Ka ga sarar?" In ce na gani. Ya cire takalmi, ya yi wa mutanen wurin sallama, ya daɗe yana addu'a, wani lokaci har ya ƙara da labarin gida a hankali, wace ta haihu, nawa aka samu a gona. Ni kuwa ina tsaye ina tsintar 'ya'yan giginya ina lissafin sauran tafiya.

Haka muka yi ta yi har damina ta kankama, aka ba mu hutu. A lokacin ne yaran unguwarmu suka samu sabuwar balo, ƙwallo ta fata, aka sa wasa kowace Juma'a bayan la'asar, ni ne kuma mai tsaron gida. In na bi ta fadama, kafin mu je mu dawo an sa wani a gurbina, wani ɗan maƙwabtanmu da ko ƙwarya aka jefa masa sai ta faɗi. Akwai kuwa jar hanyar mota da ke bi ta tudu, mai tauri, ba rairayi ba sauka, ta kai ka kan gudiro, titin kwalta, kafin ka gaji. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba. Da muka zo mararraba na ce wa Baba Tsoho ruwa ya cinye hanyar ƙasa, sai dai mu zagaya ta sama mu ɓullo wa maƙabartar ta baya. Ya ce Allah ya sa ruwan albarka ne. A kan jar hanyar akwai wasu giginyu huɗu a bakin gonar rogo, ganyensu yana kaɗawa da irin ƙarar da ya saba ji. Nan na ja birki na ce mun iso. Ya tambaye ni ko na ga sarar, na ce ga ta can. Ya cire takalmi ya ɗaga hannu.

Ban mutu ba, ƙasa ba ta tsage ba, kuma ranar na tare balo biyu da har yau abokaina suke tunawa. Juma'a ta biyu ƙaryar ta fi sauƙin fita. A ta uku ma har ina fito a kan hanya. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Yana tsakiyar addu'a sai ga mai gonar ya fito daga cikin rogo da fartanya a kafaɗa, wani dattijo Bazabarme mai fara'a. Ya jira har aka shafa, sannan ya ce, "Fofo, Malam. Sati uku ke nan ina ganinka kana yi ma rogona addu'a. Allah shi saka da alheri, ya kuwa yi kyau bana." Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba da ba'a ba. Baba Tsoho ya tambaye shi ina maƙabarta, mutumin ya ce ai tana can ƙasa, nesa da nan. Ya tambaye shi ko ruwa ya tare hanyar, mutumin ya ce ko jiya ta can ya bi da jakinsa.

Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki takalminsa ya kwaɗa mini, in yi kuka a wuce wurin. Bai yi ko ɗaya ba. Ya yi wa mai gonar godiya, ya laluba ya sa takalmi, ya hau ya ce mu je kada mu rasa salla. Muka ratsa Gaya ta gefen kamyo-kamyo, manyan motocin kaya da suka yi layi suna jiran duwan, ma'aikatan kwastan, kafin su haye gada, inda ya saba sa ni in karanta masa rubutun jikinsu yana dariya, ranar bai sa ni karanta ko ɗaya ba. Sai a hanyar dawowa, daga bayana, na ji ya ce, "Ba ƙafafunka na ara ba, Idi. Ƙafa ina da ita." Idi ya ce, ba Ango ba. Da muka isa gida ya ce wa babana a rataye keken, jikinsa ya fara gajiya da hanya. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, babana kuwa har da yi mini sannu da ƙoƙari.

Juma'a biyu da suka biyo baya ba na son tuna su. Zai yi wanka, ya sa farar rigar, ya shafa turare, ya zauna a kan buzu a ƙofar gida yana sauraren masu wucewa, keken yana rataye a bayansa. Na samu abin da nake so, ba mai hana ni wasa, amma balo ta fita daga raina, har suka mayar da ɗan maƙwabtan nan ban yi musu ba. Kunya ta hana ni cin tuwo tare da shi kamar yadda muka saba. Innata ta lura, ta tsare ni a bakin murhu, na gaya mata komai. Ba ta dake ni ba ita ma, ta dai ce wanda ya zubar da ruwa a ɗaki shi ke nemo tsumma. Ranar Alhamis na sauke keken da kaina, na wanke shi, na sa wa sarƙar mai, na busa tayoyi. Na je na durƙusa gaban Baba Tsoho na ce na yi ƙarya, na tuba, kuma in ya yarda gobe zan sa hannunsa a kan komai ya taɓa da kansa, don kada ya dogara da bakina. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a gaya wa babana jikin ya yi sauƙi.

Muka gangara ta fadama. A masallacin sarkawa na kama hannunsa na ɗora a kan katanga, ya shafa lakar da igiyar taru. Muka tura keke a rairayi, ranar ko nauyinsa ban ji ba. Da muka shiga inuwar giginyun na jingine keken, na ja shi har gindin mai sarar, na ɗaga hannunsa zan ɗora. Sai ya janye hannun ya mayar cikin riga.

"In sai na taɓa kahin in yarda, to ban yahe ba ke nan," ya ce. "Kai dai gaya min. Mun iso?"

Na ce mun iso.

"To mun iso. Cire takalmi, Ango, ka ba matarmu haƙuri da bakinka. Ta daɗe tana jira."

Shekara uku muka ƙara muna bin hanyar nan kafin ya rasu, kuma bai taɓa sa hannu a jikin giginyar ba. Da wasiyyarsa aka kai shi can, kusa da ita. Yanzu kusan ba mai bin ta fadama sai manoma da masu jakai. Kowa ya koma tudu a kan moto, wato babur, ana wuce masallaci da maƙabarta da gudu, wani ma waya na manne a kunnensa. An sake masallacin sarkawa da bulo da kwano, rairayin dai yana nan bai ragu ba. Ni ma moto gare ni, kuma duk Juma'ar da na je gida ta ƙasa nake bi, in kashe inji in tura, 'ya'yana suna gunaguni a bayana kamar yadda na yi. Sarar ta dushe, sai wanda ya san wurin zai gane ta. Nakan tsaya in ce mun iso, ko da yake ba mai tambayata.