Ranar da Muka Bar Kawu Shi Kaɗai a Gonar Ƙungiya

A lokacin ni saurayi ne mai kaifin baki, ina ɗinki a bakin kasuwar ƙauyenmu kusa da Mai Wurno ta ƙasar Sudan, kuma ba abin da na sa a rai kamar ƙungiyar ƙwallonmu. Ƙungiyar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gari ce. Tana da gonar dawa a bakin kogi, kowace damina masoya su fita gayya su nome ta. Abin da aka girbe shi ke sayen riguna, shi ke biyan motar zuwa wasa Sinnar. Mai riƙe da wannan tsari kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya tsare wa ƙungiyar raga tun ba a haife ni ba.

Sai damina ta yi ta ba mu kunya, komai ya yi tsada. Har ta kai mun rasa wani wasa saboda ba mu da kuɗin biya, direba ya ƙi tada mota. Ana cikin haka wani attajiri daga Wad Madani ya aiko cewa zai ɗauki nauyin komai, muddin ƙungiyar ta zama tasa, a sa mata sunansa. Gari ya rabu biyu. Kullum a wurin mai shayi gardama ce. Mu samari muna cewa zamani ya wuce noma wa ƙwallo gona, Kawu kuwa yana cewa wanda ya saya da kuɗinsa yana iya yarwa ranar da ya gaji. Ni na fi kowa ɗaga murya, har ina tsokanarsa cewa dawa ba ta cin ƙwallo.

Da gayyar shekarar ta matso, sai na bi samari ɗaya bayan ɗaya na ce kada kowa ya fita, dattawa su gani da idonsu cewa tsarin ya mutu. Ana gobe gayya Kawu ya tsaya a shagona ya tambaye ni ko yara sun shirya. Na dube shi na ce insha Allah.

Da safe ya yanka akuya. Ina kan keken ɗinki na ga mata sun wuce da farantan abinci a ka. Bayan azahar na ga sun dawo da su a rufe, yadda suka tafi, don ba wanda ya fita gayyar. Kawu ya ƙi dawowa. Ya ci gaba da noma shi kaɗai a cikin rana har ya faɗi, masunta suka ɗauko shi.

Da na je duba shi bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Da ka gaya man, ya waladi, ɗana, da ban sa mata sun ratsa gari da abincin ga ba." Bai ga girbin shekarar ba.

Attajirin ya karɓi ƙungiyar, ya yi yayinsa, ya daina ɗaukar waya. Yanzu awaki ke kiwo a filin ƙwallon. Har gobe ana musu a kan wanda ya kashe ƙungiyar, ba wanda ke ambata sunana, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Na san abin da ya sami Kawu ajali ne. Amma duk ranar da na hango mace da faranti a rufe, ƙafata takan tsaya a kan keke, in kasa ɗinki.

Ban ce gardamarmu laifi ce ba, wataƙila ma muna da gaskiya a wani wurin. Laifina shi ne na nemi nasara a bayan idon mutumin da ya yarda da ni. Don Allah, in za ku saɓa wa dattijo, ku je gabansa ku faɗa, ya yi fushi ya huce. Ni insha Allah na ce masa, kuma babu inda zan same shi yanzu in janye.