Kifin Farko na Sarkin Ruwa

Ɗiyar yayata ta ci lambar yabo, irin wadda ake ba matasa masu bincike a fannin shari'a da zamantakewa. Ni na raka ta Abuja karɓowa, don a gidanmu duk tafiyar da ta wuce Kano ni ake nema. Na zauna Legas, na yi Yamai, na leƙa Kartum, har aka ɗauka na san komai. Ni ma na yarda.

Abin da ta yi bincike a kai yana nan kusa da gida. Kogin Haɗeja in ya cika ya malala cikin fadama, yakan janye ya bar tafkuna cike da kifi. To na wa ne? Mai gonar da ruwan ya kwanta a kai, ko masunta, ko mai shanun da zai zo shayarwa? Wata shida tana zirga-zirga zuwa wani ƙauye gaba da Guri, wurin wani tsohon sarkin ruwa, tana ɗaukar muryarsa a waya. Amaryarsa yake kiranta, wai sadakinta tarwaɗa biyu, ita kuma ta ce sai ya fara nemo haƙora tukuna.

A ƙauyen, ranar su, wato kamun kifi na gayya, ba mai sa kifi a gora sai an miƙa wa sarkin ruwa wanda aka fara kamawa. Zai juya shi, ya buɗe bakinsa, ya shinshina. In ya ce bismilla, kowa ya faɗa ruwa. Ranar da ta je sallama ina wurin, ina fama da sauro. Tsohon ya ce mata takardar binciken nan ma haka za a yi da ita: kafin idon kowa ya gani, ta zo ta karanta masa da Hausa, daga farko har ƙarshe. Ta ɗauki alkawari.

Ta gama rubutun a tsakiyar damina. Ruwa ya yanke hanya, ciyawar kacala ta toshe mashigar kwalekwale, ga shi saura kwana uku a rufe karɓar takardun gasar. Ta same ni a zaure ta ce, "Kawu, yaya zan yi da alkawarin Baba?"

Na yi dariya na ce ta aika kawai. Tsohon da ya ga ambaliya ta fi saba'in, ina za shi?

Ta aika. Da ruwa ya janye ta ce mu je, na ce ta bari na dawo daga tafiya. Da na dawo na ce mu jira sakamako, mu je wa ango da abin nunawa. Ba ta musu da ni, abin da ya fi damuna ke nan yanzu.

A Abuja an yi tafi sosai. Wani farfesa ya tashi ya ce bai taɓa ganin an rubuta dokar tafki dalla-dalla haka ba, ko'ina daidai. Na gyara hula kamar ni na rubuta.

Bayan mun dawo, muka isa ƙauyen da hantsi, da goro da turmin shadda. Tabarmarsa muka fara gani a naɗe, jingine da bishiyar da yake zama. Sati uku da rasuwarsa, zazzaɓin kwana huɗu. Matarsa ta karɓe mu, ta yi wa yarinyar tsiyar kishi kamar yadda ta saba. Ta ce tun da hanya ta bushe, duk babur ɗin da ya tsaya sai ya tambaya ko amaryarsa ce.

"Ba fushi yake ba, 'yar nan," in ji ta. "Cewa ya yi akwai wuri ɗaya da ya gaya miki ba daidai ba. Bayan kin tafi ya tuna. Ya ce in kin zo karatun, yana ji zai gane wurin."

Yarinyar ta tambaya ko ya faɗi wane wuri. Bai faɗa wa kowa ba.

Aka tara dattawan masunta da babban ɗansa, wanda ya gaji sarautar. Ta zauna ta karanta musu duka, tana juyawa da Hausa, har la'asar. Duk inda ta tsaya ta ɗago kai, sai su ce haka ne. Rabon tafki, haka ne. Ranar shayar da shanu, haka ne. Ɗan ya ce shi dai bai ji kuskure ba, amma abin da tsoho ya sani ba duka ya ba su ba.

A hanyar dawowa ban yi labari ko ɗaya ba, ni da ba a kai Kirikasamma ban yi uku ba.

Lambar tana ɗakin yayata, a rataye. Yarinyar yanzu koyarwa take yi, kuma an ce ɗalibai suna kafa hujja da takardarta. Wani lokaci in na je gidan nakan jiyo muryar tsohon daga ɗakinta, yana tari, yana lissafa tafkuna. Ta tsayar, ta mayar baya, ta sake saurara. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ni kan tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu, ina saurara tare da ita, ko zan ji inda muryarsa ta yi shakka.