Ranar da Aka Yaba wa Inna Konni

Shekarar da na gama jami'a na dawo Birnin Konni, na sauka gidan yayana, mai sayar da kayan babur kusa da tasha. Mahaifiyarmu tana zaune a Bazaga, kuma hawan jini ya fara kayar da ita. Likita ya ce lallai a riƙa auna ta akai-akai, abin da zai yi wuya in ba ta zauna kusa da asibiti ba. Yaya ya ɗauko ta da sunan kwana biyu, sannan ya gayyato abokansa bayan la'asar su yaba mata garin, ko za ta yarda ta zauna.

Ban taɓa jin yabo maras kan gado irin na ranar ba. Wani direba ya fara da cewa babu inda esansi, wato fetur, ya kai na Konni araha. Wannan kuwa yana faɗa wa tsohuwar da ba ta taɓa mallakar ko keke ba. Na biyu ya yabi albasa, alhali daga Galmi da Tsarnawa ake kawo yawancinta. Na uku ya kumbura ƙirji ya ce manyan motoci ba sa yankewa a kan gudron, wato titin kwalta, sai ka ce wucewar kayan wasu ta ƙofar gidansa arzikinsa ne. Ba na cewa sun yi ƙarya. Na bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, kowace tana da ƙanshin gaskiya. Sai dai duk abin da suke ƙauna a garinsu abu ne mai ratsawa ya wuce. Gonakin rani da ke bayan gari, waɗanda da za su iya jan hankalin manomiya, ba wanda ya ambata, domin babu mai kanta a tafin hannu cikinsu.

"Inna, nan ko ƙanƙara kika so, sai a kawo miki," in ji direban.

"Da waɗanne haƙora?" ta ce.

Suka yi dariya, suka ɗauka sun yi nasara. Ita kuwa ta dubi tsakar gidan, wanda Yaya ya shafe da siminti har bakin bango, ta ce, "Ina za ni ɗamre awakina? Su ukku na."

Yaya ya yi maza ya ce akwai fili bayan gida, ya ishi garke. Abokansa suka gyaɗa kai, har da wanda bai taɓa leƙa wurin ba. Inna ba ta dube su ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Kai ɗan lakwal, mai karatun boko, mi ka gani?"

Na san filin. Na kuma san maƙwabcinmu ya riga ya jibge bulo a kan rabinsa, domin nasa ne, kuma ya ce da kaka zai tayar da katanga. Yaya ya kafe ni da ido. Na fahimci abin da yake roƙo, na kuma san dalilinsa mai kyau ne. Amma abin da na gani aka tambaye ni. Na ce, "Inna, abin da zai rage taku huɗu ne a kan uku. Akuya ɗaya za ta zauna. Biyu, da ƙyar. Uku, ban ga hanya ba."

Direban ya ce, "Kai, malam, wannan boko naka ya yi yawa! Akuya ma sai an auna mata ɗaki?"

Inna ta ce ba za ta zaɓi ɗaya ta bar biyu ba. Aka kawo maganar sayarwa, ta yi kamar ba ta ji ba. Masu yabo suka shanye shayinsu suka watse, ko ɗaya bai ce yana da inda za a ɗaure dabba a wannan gari da ya fi ko'ina ba.

Kwana na uku muka raka ta tasha. Da motar ta tashi, Yaya ya miƙo mini katin asibitinta ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Tunda kai ka san gaskiya, kai za ka riƙa ɗauko ta." Na karɓa. Na yi ta kaiwa da komowa tsakanin Konni da Bazaga, kuma sau biyu a cikin daminar nan hanya ta hana ni isa a ranar awo.