Akori-kurar da ba ta son Kawu Sale

"Kawu, tashi." Mota ta kama. "Zauna." Ta mutu.

Sau biyar mai gyaran wayar mota a Kankia ya sa Kawu Sale tashi da zama, bayan kwamfutarsa ta ce akori-kurata lafiyarta ƙalau.

Wata biyu ke nan, duk ranar da Kawu ya shiga gaba sai ta mace mana a hanyar Rimaye. Har an fara cewa farar ƙafa gare shi, direbobi na gudunsa.

Ashe wayar ƙwaƙwalwar injin ce ta goge a ƙarƙashin kujera, nauyinsa ke danne ta.

Kawu ya ce, "To ɗana, rubuta a Fesbuk ɗin naka: tuwo ne, ba farar ƙafa ba."

Na rubuta. Ku fa, wa kuka taɓa ɗora wa laifin waya?